Ihu Bayan Hari: Wa Za Mu Kai wa Kuka Idan An Damfare Mu ta Waya?

A wannan fitowa muna so mu taɓo wata magana da ake yi a raɗe bayan an tashi sujada, amma ba a cika jin ta a lokacin sanarwa ba. Maganar ita ce satar kuɗi ta wayar hannu, musamman abin da ke biyo bayan satar: ina mutum zai kai ƙara, wa zai saurare shi, da wane harshe, kuma cikin wane lokaci.

Bari mu fara da labarin wata 'yar'uwarmu gwauruwa a ɗaya daga cikin ƙauyukan Gwarzo, wadda za mu sakaya sunanta. Bayan kaka ta sayar da masara da awaki biyu domin kuɗin makarantar ɗanta, mai saye ya tura mata kuɗin ta asusu. Ranar wata Juma'a da yamma wani ya kira ta, da Hausa mai daɗi da ladabi, ya ambaci cikakken sunanta, ya ce shi ma'aikacin banki ne, kuma za a rufe asusunta a daren nan in ba a gyara lambarta ta BVN ba. Ta karanta masa lambobin da ke jikin katinta, ta kuma karanta masa wasu lambobi da suka shigo wayarta a lokacin. Kafin ta mayar da wayar bakin zani, alat ya shigo, an kwashe kome.

Ba ta gaya wa kowa ba a daren, domin kunya. Ranar Asabar ma ta yi shiru. Sai ranar Lahadi shugabar zumuntar mata ta lura da fuskarta, ta ja ta gefe. Ranar Litinin ƙaninta ya kai ta banki, aka ba ta takarda da Turanci ta cika, aka ce ta kawo rahoton 'yan sanda, daga baya kuma aka ce sai da umarnin kotu kafin a taɓa asusun da kuɗin ya faɗa. Ta yi zirga-zirga har kuɗin mota ya gagare ta, ta haƙura.

Ɓarawon nan minti uku ya ishe shi. Ita kuwa sai da ta kwana uku kafin kukanta ya isa kunnen wanda zai iya yin wani abu. A ganinmu, a tsakanin mintuna ukun nan da kwana ukun nan matsalar take.

Yadda kuɗin ke gudu

Ya kamata mu fahimci dalilin da ya sa jinkiri ke da tsada haka. Yau idan aka tura kuɗi daga wani banki zuwa wani, nan take yake isa. Ɗan damfara ba ya barin sa a asusun farko. Yakan rarraba shi zuwa asusu uku ko biyar, waɗanda galibi ba da sunansa aka buɗe su ba, sannan a cire shi a hannun masu POS a garuruwa dabam-dabam. Muddin kuɗin yana cikin wani asusu, banki na iya ɗaure shi. Da zarar ya zama takardun naira a aljihun wani, sai dai a bi sawu, kuma bin sawu aiki ne na watanni. Saboda haka awa ta farko ta fi duk wata takarda da za a cika daga baya. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Mu kuwa mutanen karkara an tura mu cikin wannan harka ba tare da shiri ba. Kowa yana tune da farkon shekarar 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, yadda tsabar kuɗi ta ɓace, har mai sayen kaza a kasuwar Getso sai da ya koma tura kuɗi ta waya. Tsofaffin da ba su taɓa shiga banki ba suka buɗe asusu a wurin yaran da ke zaune da na'ura a ƙarƙashin lema. An koya mana yadda ake turawa da karɓa, amma ba wanda ya zaunar da mu ya ce, ga abin da za ku yi ranar da aka cuce ku.

Abin ba ƙarami ba ne. Hukumar da ke daidaita hada-hadar kuɗi tsakanin bankuna, wato NIBSS, ta ce an yi asarar naira biliyan 17.67 ta hanyar damfara a shekarar 2023, a 2024 kuma asarar ta haura naira biliyan 52. Wannan lissafin abin da aka rubuta ne kawai. Wanda ya haɗiye baƙin cikinsa a Kutama ko Lakwaya ko Gude bai kai ƙara ba, ba ya cikinsa.

Hanyoyin damfarar kuma mun san su. Akwai kiran ma'aikacin banki na ƙarya. Akwai alat na bogi da ake nuna wa mai kaya a kasuwa. Akwai masu ƙwace WhatsApp na fasto ko na dattijo, su bi 'yan ikkilisiya ɗaya bayan ɗaya da saƙon cewa yana asibiti a taimaka. Akwai fom na tallafi ko na taki ko na ɗaukar aiki da ake cewa a biya kuɗin rajista. Akwai kuma masu alkawarin ninka kuɗi, tun daga MMM da ya rufe asusun mutane a Disambar 2016 har zuwa CBEX da ya rushe a Afrilun 2025.

Ƙofofi da yawa, amma duk suna nesa

Ba za mu ce gwamnati ba ta yi kome ba. Akwai dokar laifuffukan intanet ta shekarar 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. A 2015 ɗin ne Babban Banki ya umarci bankuna su kafa teburin karɓar rahoton damfara da ke aiki dare da rana. Idan banki bai warware koken mutum cikin mako biyu ba, yana da damar ɗaukaka shi zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Idan matsalar ta layin waya ce, kamfanin layin ake fara tunkara, in bai yi kome ba a kira hukumar sadarwa ta NCC a lamba 622, kyauta. Rundunar 'yan sanda tana da cibiyar yaƙi da laifuffukan intanet a Abuja, wadda ke karɓar ƙara ta shafinta. Hukumar EFCC tana da ofishi a titin Hajj Camp a Kano, ta kuma fitar da manhajar kai rahoto mai suna Eagle Eye a 2021. Masu ba da bashi ta waya da ke tozarta mutane, hukumar kare masu sayen kaya ta FCCPC ke kula da su. Facebook da WhatsApp su ma suna da wurin da ake latsawa a kai rahoto.

Ƙofofi ke nan har bakwai. Amma mu tambayi kanmu da gaskiya: wace ce daga cikinsu gwauruwar nan za ta iya ƙwanƙwasawa da ƙarfe shida na yammacin Juma'a, da ƙaramar wayarta mai madannai, ba data, ba Turanci? Daga Gwarzo zuwa Kano kimanin kilomita 70 ne, kuma wanda aka yashe ba shi da kuɗin mota. Akasarin takardun da shafukan da Turanci suke. Kowace ƙofa kuma tana iya tura ka zuwa wata: banki ya ce je wurin 'yan sanda, 'yan sanda su ce je kotu, kotu ta ce nemo lauya. Wanda aka sace wa naira dubu tamanin zai lissafa ya ga abin da zai kashe ya kusa kai abin da ya rasa, sai ya ce ya bar wa Allah. Ɓarayin sun san wannan lissafin sarai, shi ya sa sata ƙanana-ƙanana daga mutane da yawa ta fi musu kwanciyar hankali.

Mu da muke 'yan tsiraru a wannan yanki muna da ƙarin wani nauyi. Da yawa daga cikin mutanenmu sun taso da tsoron ofis da mai kaki, suna ganin gara a yi asara da a shiga idon hukuma. Wannan tsoro yana da tarihinsa, amma a wannan magana riba ce kawai ga ɓarawo.

Abin da muke nema daga hukuma da kamfanoni

Ba sabon abu muke roƙo ba, an gwada shi a wasu wurare. A ƙasar Indiya, wadda ita ma take da ɗimbin manoma da harsuna barkatai, an ware gajeriyar lamba guda, 1930, domin wanda aka damfara ta waya ko intanet. Da ya kira, sai a aika da sanarwa zuwa bankunan da kuɗin ya bi domin a tare shi, takardu su biyo baya. A Ingila kuwa, tun daga 7 ga Oktoba 2024, doka ta tilasta wa bankuna su mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi da hannunsa, har zuwa fam 85,000, kuma bankin da ya tura da wanda ya karɓa su raba asarar biyu. Hikimar a bayyane take: ranar da banki ya san shi ma zai yi asara, zai sa ido a kan irin mutanen da yake buɗe wa asusu.

Bisa wannan, muna kira da abubuwa biyar.

Na farko, a samar da lamba ɗaya tak, gajeriya, kyauta, mai aiki dare da rana a kan kowace irin waya, wadda za a amsa da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa. Kada a bar wa talaka aikin tantance ko matsalarsa ta banki ce ko ta 'yan sanda ko ta EFCC. Shi ya faɗi abin da ya same shi sau ɗaya, hukumomi su raba aikin a tsakaninsu.

Na biyu, a ɗaure kuɗi tukuna, a nemi takarda daga baya. Gyaran dokar na 2024 ya rage wa'adin da aka ba kamfanoni su sanar da gwamnati idan an kai wa na'urorinsu hari, daga kwana 7 zuwa awa 72. Idan har an iya sa wa'adi domin amfanin gwamnati, to a sa wa'adi na mintoci domin amfanin mai asusu. Mun san akwai haɗarin wani ya yi ƙarar ƙarya don a ɗaure asusun abokin gabarsa. Maganin wannan shi ne ɗaurin ya zama na 'yan kwanaki, a kan adadin kuɗin da ake jayayya kawai, kuma a hukunta mai ƙarar ƙarya.

Na uku, duk wanda ya kai ƙara a ba shi lambar shaida nan take, a kuma riƙa sanar da shi ta saƙon waya inda aka kwana. Ƙa'idar Babban Banki ta riga ta tanadi wannan lamba, kuma da ita ake ɗaukaka koke, amma mutanenmu da yawa suna fita daga banki hannu rabbana don ba su san su nema ba.

Na huɗu, a yi amfani da masu POS. Su ne bankin ƙauye a yau, akwai su a Garo, akwai su a Getso, akwai su a kusan kowace tasha. Kamfanonin da suka ba su na'ura su wajabta musu liƙa takarda da Hausa, boko da ajami, mai ɗauke da lambobin rufe asusu da na kai rahoto, su kuma koya musu yadda za su taimaki wanda ya zo a gigice. Kamfanin da ya iya kai na'urarsa lungu domin neman riba, zai iya kai hanyar koke lungun.

Na biyar, a horar da aƙalla jami'i ɗaya a kowane ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukuma wanda ya san wannan aiki, zai rubuta rahoto a ranar, ya aika da shi hedikwata a Bompai, ba tare da an nemi mai ƙara ya kawo kuɗin takarda ko na mai ba. Kai ƙara kyauta ne a doka, ya zama kyauta a aikace.

Gwarzo da Kabo mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Muna roƙon wakilinmu da 'yan majalisar jiha da shugabannin ƙananan hukumomin biyu su ɗauki wannan magana. Ba ta addini ba ce, ba ta jam'iyya ba ce, ta aljihun duk wanda ya zaɓe su ce.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Sai dai ba za mu naɗe hannu muna jiran Abuja ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abu na farko shi ne mu kashe kunya. A tsakaninmu, wanda aka fasa wa rumbu ana zuwa yi masa jaje, amma wanda aka damfara ta waya sai a ce wauta ce ko kwaɗayi. Wannan hali namu shi ya sa gwauruwar nan ta yi kwana biyu ba ta buɗe baki ba. Masu wannan sata sana'arsu ke nan, sun damfari malaman makaranta da manyan 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. Dattijon da ya yi wa wanda aka cuta dariya ya sani ya rufe bakin mutum goma da za a cuta nan gaba.

Muna ba da shawara kowace ikkilisiya, kome ƙanƙantarta, ta zaɓi mutum biyu amintattu, namiji da mace, masu iya karatu da sarrafa waya, a sanar da sunayensu, kowa ya san zai iya tashin su ko da tsakar dare ne. Mun ce da mace domin akwai abin da uwa ko budurwa ba za ta faɗa wa namiji ba, musamman idan ana yi mata barazana da hoto. Aikinsu shi ne su taimaka a rufe asusu, a kira banki, a kira kamfanin layi, su raka mutum ofis, su tabbata an karɓo lambar shaida. Ba aikinsu ba ne su riƙe lambar sirrin kowa.

Yawancin bankuna suna da lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya, ko da ba ta mai asusun ba ce. Kowa ya tambayi tasa a bankinsa tun yau, ya rubuta a takarda ya adana a ɗaka. Kada a ajiye ta cikin waya kaɗai, domin wayar ce ake sacewa. A kuma riƙa maimaitawa a lokacin sanarwa cewa banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirrinsa ko lambar da aka turo masa.

Kada a goge kome. Saƙon alat, lambar da ta kira, lokacin kiran, sunan asusun da kuɗin ya shiga, doguwar lambar da ke jikin rasit, duka shaida ne. Magatakarda ya buɗe littafi ya riƙa rubuta su, ba tare da ya fallasa mai abin ba. Duk wata uku a tattara na ikkilisiyoyin gunduma a rubuta wasiƙa ɗaya zuwa ga 'yan sanda da EFCC da reshen Babban Banki na Kano. Za a iya ture ƙarar mutum ɗaya ta naira dubu talatin, amma idan mutum ashirin suka nuna lambar waya ɗaya ko asusu ɗaya, magana ta zama babba. Wannan ita ce amsarmu ga masu cewa ko an kai ƙara kuɗin ba ya dawowa. Gaskiya ne sau da yawa ba ya dawowa, ba za mu ruɗe ku ba. Amma ƙarar da ka kai ita ce za ta sa a rufe asusun da za a zuba kuɗin maƙwabcinka gobe.

Ga ma'aji da kwamitin kuɗi: duk saƙon da ya zo da sunan fasto ko shugaban gunduma ana neman kuɗi da gaggawa, a kira shi a ji muryarsa kafin a tura ko sisi. Idan an ƙwace WhatsApp na wani, a sanar da jama'a ta baki da ta kira a ranar.

Ga matasanmu kuma: a watan Yulin 2025 EFCC ta yi gargaɗi game da masu sayen bayanan mutane na BVN da NIN a kan naira 1,500 zuwa 2,000, ana buɗe asusun damfara da su. Wanda ya sayar da lambarsa ko ya ba da aron asusunsa, sunansa ne zai fito ranar bincike, shi za a zo ɗauka a gaban iyayensa, mai laifin na can yana barci.

Wannan ya kawo mu ga gargaɗi na ƙarshe, kuma muna roƙon dattawa su riƙe shi da kyau. Idan an ga sunan asusun da kuɗi ya faɗa, kada a ɗauke shi a watsa a Facebook ko a dandali ana cewa ga ɓarawo. Sau da yawa mai sunan bai ma san an buɗe asusun ba. A wuri irin namu kuwa, inda suna kaɗai kan nuna addinin mutum, zargin da ba a tabbatar ba yana iya tayar da ƙurar da ta fi kuɗin da aka sace tsada. A kai sunan ga banki da hukuma, a nan ne yake da amfani.

Ɗan damfara ba ya tambayar wanda ya ɗauki waya ko masallaci yake zuwa ko majami'a. Maƙwabtanmu Musulmi suna shan irin wannan cuta, a kasuwa ɗaya, a hannun mutane ɗaya. Don haka abin da muka tattara mu kai shi gaban masu unguwanni da dagatai da hakimai, mu nemi a haɗa kai da limamai da shugabannin kasuwa, a yi kukan tare, a kai shi har gidajen rediyon Kano. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna roƙon kowane kwamitin ikkilisiya ya sa wannan magana a jerin abin da zai tattauna a zamansa na gaba, ya fitar da sunayen mutum biyun nan kafin kakar bana ta shigo, lokacin da kuɗin amfanin gona zai fara shiga asusun mutane. Allah ya kāre mu, ya ba shugabanninmu kunnen sauraro. Amin.